Bin Alabama bayan tafiyar Saban: tambayoyi da amsoshi kan sauyin koci da zawarcin yara

Tun daren da Nick Saban, kocin ƙungiyar zari-rugar Jami'ar Alabama, ya ajiye aiki tambayoyi ba su daina shigo mini ba. Abokaina sun san ina raba dare a kan zari-rugar jami'o'in Amurka (wasan da suke kira American football), sun kuma san ƙungiyar da nake bi tun 2012 ita ce ta Jami'ar Alabama, wadda ake wa laƙabi da Crimson Tide. Wasunsu ni na ja su cikin kallon, wasu suna da 'ya'ya ko ƙanne da ke karatu a can, wasu kuwa labarin maƙudan kuɗin da ake zubawa ne ya ja hankalinsu. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaita mini na amsa su a nan. Da Alabama zan riƙa misali domin ita na sani ciki da bai, amma yawancin abin da zan faɗa ya shafi kowace babbar jami'a.

Wai duk wannan hayaniya a kan wasan ɗalibai ake yinta?

Ɗalibai ne kam, amma kada ka kawo filin makarantar sakandare a ranka. Filin Bryant-Denny da ke garin Tuscaloosa yana cin mutum kusan dubu 100, ya fi Old Trafford, ya fi Wembley, kuma cika yake yi. Jihar Alabama ba ta da ƙungiya a gasar ƙwararru ta NFL, don haka duk alfaharin mutanen jihar a kan jami'o'i biyu ya taru, Alabama da Auburn. A gida ɗaya sai ka samu uba na nan, suruki na can. Karawar da suke yi a ƙarshen Nuwamba, wadda ake kira Iron Bowl, ita ce abin zance har shekara ta zagayo.

Kaka tana farawa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, wasa 12 kacal, kusan duka ranar Asabar. Saboda ƙarancin wasannin, faɗuwa ɗaya tana da nauyin da mai kallon Firimiya ba zai gane da wuri ba. Alabama tana rukunin SEC na jami'o'in kudancin Amurka, mai ƙungiya 16 tun da Texas da Oklahoma suka shigo a 2024. A ƙarshen kaka wani kwamiti ke zaɓo waɗanda za su buga zagayen neman kofin ƙasa. Daga 2014 zuwa 2023 ƙungiya huɗu ake ɗauka, daga 2024 aka mayar da su 12.

Ai ko a Turai ana sauya koci kullum. Me ya sa a nan abin ke zama kamar girgizar ƙasa?

Wannan ita ce tambayar da in ka gane amsarta, ka gane komai.

A ƙwallon Turai idan koci ya tafi, 'yan wasa suna nan ɗaure da kwantiraginsu, kulob yana da masu saye da sayarwa, sabon koci zai tarar da gida a gine. A jami'a yaro yana da shekara huɗu ko biyar kacal da zai buga, wanda ya yi fice kuma yakan wuce NFL bayan shekara uku. Duk shekara wani babban kaso na ƙungiyar ficewa yake yi, dole a cike gurbin. Kuma babu wani kulob da za ka je ka saya, babu rabon yara bi da bi irin na NFL. Sai dai ka je ka nema. Koci ne da kansa zai zauna a falon gidan yaro mai shekara 17, ya ci abincin da uwar ta girka, ya dubi idonta ya ce ta ba shi ɗanta, zai kula da karatunsa, zai kai shi inda yake mafarki. Wannan mutumin uwa ta ba amana. Ranar da ya tafi, amanar ta koma hannunta, sai a sake neman ta daga farko.

Masu bin Manchester United da suka ga abin da ya biyo bayan Ferguson a 2013 sun riga sun fahimci rabin zancen. Ga ɗaya rabin: ka ƙaddara ranar da Ferguson ya tafi aka buɗe ƙofa aka ce duk ɗan wasan da ke son tafiya yana da wata guda, ya tafi kyauta, ko Liverpool ce ya ga dama. Abin da ya samu Alabama ke nan a Janairun 2024.

Me Saban ya yi har ake maganarsa haka?

Ya zo Tuscaloosa a Janairun 2007 daga ƙungiyar Miami Dolphins ta NFL, bayan ya fito fili ya musanta cewa zai zo. Kwantiraginsa na farko dala miliyan 32 ne na shekara takwas, kuma a lokacin mutane da yawa sun ce hauka ne a biya kocin jami'a haka. Ya yi kaka 17. Ya ɗauki kofin ƙasa shida: 2009, 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020, ban da wanda ya ɗauka da jami'ar LSU ta Louisiana a 2003. Kafin zuwansa babu ɗan Alabama da ya taɓa cin kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan shekara. A hannunsa huɗu suka ci, Mark Ingram, Derrick Henry, DeVonta Smith da Bryce Young. Yaransa da aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen NFL sun haura 40, alhali wasannin da aka doke shi a duk zamansa 29 ne.

Mutane suna yaba dabarunsa na tsaron gida, kuma sun cancanci yabo. Ni dai abin da na ɗauka shi ne sirrinsa, zawarci. Shekara bayan shekara shi ke kwashe yaran da suka fi kowa, har ya zama wanda ke zaman jira a benci a Alabama zai iya zama tauraro a wata jami'a.

Yaya aka ji labarin tafiyarsa?

Ƙarfe 11 na dare ta ɗan gota a agogonmu, ranar Laraba 10 ga Janairu 2024. Na riga na kashe fitila, waya ta haska a gefen matashi. Na karanta layin sau uku kafin na tashi zaune. Kwana tara kafin nan Michigan ta fitar da mu a Rose Bowl, wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa, da ci 27 da 20 bayan ƙarin lokaci, aka tare jagoran harinmu Jalen Milroe a yunƙurin ƙarshe, saura 'yan taku ya kai. Babu wanda ya kalli wasan nan ya ce na ban kwana ne. Shekarunsa 72.

Kafin gari ya waye a nan, hotuna suka fara fitowa daga gindin mutum-mutuminsa da ke bakin filin wasa. Ɗalibai sun jera furanni, da kwalaben Coca-Cola, da wani ɗan kek mai kirim a tsakiya wanda kowa ya san da shi yake karya kumallo. Kamar zaman makoki, alhali mutumin yana raye cikin ƙoshin lafiya. Ban koma barci ba daren nan. Abin da ya hana ni shi ne lissafin su wa za su tafi.

Wane ne Kalen DeBoer, kuma don me shi?

Shugaban sashen wasanni na jami'ar, Greg Byrne, ya roƙi 'yan wasa su ba shi awa 72 kafin kowa ya yanke shawara. Bai cinye su ba. Ranar 12 ga Janairu aka sanar da DeBoer. A tsakanin, Dan Lanning ya fito ya ce yana nan a Oregon, Mike Norvell ya samu ƙarin albashi ya zauna a Florida State.

DeBoer mutumin South Dakota ne, can arewa, bai taɓa aiki a kudancin Amurka ba, kuma wannan ya dami mutane ƙwarai, domin zawarci a kudu harka ce ta sanayya da malaman sakandare da iyalai. Amma tarihinsa na nasara ba ya ɓuya. A ƙaramar jami'ar Sioux Falls ya ci wasa 67 ya faɗi 3, ya ɗauki kofi uku na ƙaramin rukuni. Ya riƙe Fresno State, sannan Washington, inda ya ci 25 ya faɗi 3 cikin kaka biyu. Kwana huɗu kafin a ɗauke shi yana filin wasan ƙarshe na kofin ƙasa, inda Michigan ɗin nan dai ta doke shi 34 da 13. An ba shi kwantiragin shekara takwas na kusan dala miliyan 87.

Ku lura da yadda tafiyar mutum ɗaya ke jan wasu. Washington ta ɗauko Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauko Brent Brennan daga San Jose State, ita kuma ta nemo Ken Niumatalolo. A kowace ɗaya daga cikin makarantun nan ƙofar fita ta buɗe wa yara.

Wace ƙofa ce wannan da kake ta ambata?

Wata rajista ce ta intanet da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe a Oktoban 2018. Ɗan wasan da ke son sauya sheƙa zai sa a shigar da sunansa, daga nan kowace jami'a ta samu izinin zawarcinsa. A da wanda ya sauya makaranta sai ya zauna shekara guda bai buga ba, wannan ke sa yara haƙuri. A 2021 aka yafe zaman ga sauyin farko, a 2024 kuma aka cire iyakar gaba ɗaya. A lokacin da Saban ya tafi, doka ta ba 'yan wasan duk ƙungiyar da kocinta ya tafi kwana 30 su shiga rajistar.

Wanda tafiyarsa ta fi yi mini ciwo shi ne Caleb Downs, mai tsaron baya da ya fi kowa tare abokan karawa a ƙungiyar tun yana ɗan shekarar farko. Ya tafi Ohio State, ya ɗauki kofin ƙasa da su a kakar da ta biyo. Julian Sayin, mai jifa da aka yi ta murnar samunsa, makonni kawai ya yi a Tuscaloosa, shi ma ya bi hanyar Ohio State. Isaiah Bond ya tafi Texas. Kadyn Proctor, ƙaton da ke kare bayan mai jifa, ya koma jiharsa ta Iowa, bayan 'yan watanni kuma ya dawo Alabama. DeBoer shi ma ya zo da nasa daga Washington, irin su Parker Brailsford da Germie Bernard, wato abin da aka yi mana mu ma mun yi wa wasu.

Mai jifa, ga wanda bai saba ba, shi ne jagoran kai hari, wanda ƙwallo ke bi ta hannunsa a kowane yunƙuri. Milroe, wanda ke riƙe da matsayin a lokacin, ya zauna, kuma zamansa ya tsayar da wasu da dama.

To yaya ake zawarcin yaran sakandare?

Abin yana farawa da wuri, wani tun yana ɗan shekara 14 ko 15. Jami'a tana da ma'aikata da aikinsu kawai kallon bidiyon wasannin sakandare. A watan Yuni ana buɗe sansanonin horo a harabar jami'a, koci ya ga yaro da idonsa, a auna tsayinsa, nauyinsa, gudunsa. In ya yi, sai a yi masa tayin gurbin karatu kyauta. Yaro mai kyau zai tara tayi 30 ko 40.

Sai ziyara. Akwai wadda iyali ke zuwa da kuɗinsu, akwai ta hukuma wadda jami'a ke ɗaukar nauyin jirgi, masauki da abinci. A da biyar kawai aka yarda yaro ya yi, tun 2023 aka cire adadin. A ziyarar nan ake sa masa rigar ƙungiya a ɗauki hotuna, a zagaya da iyaye ɗakunan karatu da na motsa jiki, a kai su gidan koci cin abinci.

Daga nan yaro ya sanar da zaɓinsa. Wasu a ɗakin taron makarantarsu suke yi: tebur, huluna uku ko huɗu na jami'o'i a jere, uwa a dama, uba ko kaka a hagu, ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya ya ɗora a ka. Ina son kallon wannan, musamman fuskar iyayen. Amma ka riƙe abu ɗaya: alƙawarin baki ne. Bai ɗaure yaro ba, bai ɗaure jami'a ba, sauran masu zawarci kuma ba sa fasawa. Keelon Russell, mai jifa daga Duncanville a Texas, jami'ar SMU ya yi wa alƙawari kafin DeBoer ya ƙwace shi a 2024. Magana ba ta tabbata sai an sa hannu, kuma ranakun sa hannu biyu ne: na Disamba, wanda aka ƙirƙiro a 2017 kuma yanzu kusan kowa a nan yake sa hannu, da tsohon na Larabar farko ta Fabrairu.

Wannan ranar ta Disamba ce ke sa jami'o'i gaggawar korar koci da ɗaukar sabo tun kaka ba ta ƙare ba. Koci Lincoln Riley ya bar Oklahoma zuwa jami'ar USC ta California a ƙarshen Nuwamban 2021, yaran da suka yi wa Oklahoma alƙawari suka fara janyewa, mai jifansa Caleb Williams ya bi shi, ya ci Heisman a can a 2022.

Taurarin nan da ake ba yara, uku, huɗu, biyar, gaskiya ne ko talla?

Kamfanoni irin su 247Sports, Rivals da ESPN ke bayarwa. Masu tauraro biyar ba su wuce talatin da 'yan kai ba a duk Amurka kowace shekara. In ka ɗauki ajin gaba ɗaya, gaskiya ne: ƙungiyoyin da ke tara masu huɗu da biyar su ne yawanci ke ɗaukar kofi. In ka ɗauki yaro ɗaya, babu tabbas. Josh Jacobs daga Tulsa tauraro uku aka ba shi, manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba sai dab da ranar sa hannu, amma a 2019 a zagayen farko NFL ta ɗauke shi.

Shawarata, kada ka tsaya a kan matsayin aji kawai. Duba su wa aka ɗauka. Ido yana tafiya ga masu gudu da masu cafka, amma a SEC ƙartin layin gaba, masu turawa da masu tarewa, su ke yanke hukunci a watan Nuwamba. Idan aji ya cika da masu cafka babu ƙarti, bayan shekara biyu za ka gani a fili.

Akwai yaron da ya nuna duk wannan a jikinsa?

Ryan Williams, mai cafka daga Saraland a cikin jihar Alabama. Ya yi wa Saban alƙawari, ya tsallake shekara guda ta sakandare don ya shigo da wuri. A daren da Saban ya tafi ya janye. Mako biyu ana ta fargabar zai tafi Auburn ko Texas, sannan ya dawo ya ce Alabama. Wannan ce nasarar DeBoer ta farko, tun bai buga wasa ko ɗaya ba.

Ranar 28 ga Satumba 2024 Georgia ta zo Tuscaloosa. Mun yi gaba da 28 da nema, sai suka riƙa farkewa har suka wuce mu 34 da 33, saura minti biyu da 'yan kai. A yunƙuri na farko bayan haka Milroe ya ɗaga ƙwallo gefen dama. Williams ya juyo ya cafe, ya yi wata irin juyawa tsakanin masu tsaro biyu har suka rasa inda yake, ya ruga yadi 75 zuwa ƙarshen fili. Shekarunsa 17. Wanda ya rufe wasan da cafke jifar Georgia ta ƙarshe shi ma sabon shiga ne, Zabien Brown, kuma su biyun lamba 2 ce a bayansu. An tashi 41 da 34. Wajen ƙarfe huɗu na asuba ne a nan, na toshe bakina da hannu don kada in tashi yara.

Batun kuɗi fa? An ce yanzu biyan yaran ake yi.

Ana biya. Fiye da shekara 100 doka ta hana, gurbin karatu kawai ake ba su, yayin da jami'o'i da gidajen talabijin ke kwasar biliyoyi. Daga 1 ga Yuli 2021 aka yarda ɗan wasa ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa, abin da ake kira NIL. Nan da nan attajiran magoya baya suka kafa asusun haɗaka, ana tara kuɗi a biya yara da sunan talla. Sai a Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince da wani sulhu da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a raba tsakanin wasanni, zari-ruga ce ke cin kaso mafi tsoka.

Wannan ya rage wa Alabama fifiko. A da abin da Saban ke sayarwa shi ne: zo ka yi haƙuri shekara biyu, zan mai da kai attajiri a NFL. Yanzu wata jami'a za ta ce zo ka buga bana, ga kuɗi a hannu. Shi kansa Saban, a wani zama da aka yi a majalisar Amurka a Maris 2024, ya koka cewa tambayar yara da iyaye ta koma nawa za a biya. Na fahimci ciwonsa. Amma ni ina ganin hakkinsu ne. Wasa ne da ke karya gwiwa da wuya, yawancinsu ba za su taɓa shiga NFL ba, kuma kocin da ke musu wa'azin haƙuri yana karɓar dala miliyan 10 a shekara.

Wanda ya tafi ba maci amana ba ne?

A'a, kuma wannan tambayar tana ɓata mini rai in na ga yadda ake zagin yaran a shafukan sada zumunta. Ka tuna Iron Bowl na 2023. Saura daƙiƙu, Auburn na gaba, mu kuma yunƙuri na huɗu ne, na ƙarshe, saura yadi 31. Milroe ya tsaya ya jira, ya jefa kusurwar hagu, Isaiah Bond ya cafe. Muka ci 27 da 24. Bayan mako bakwai yaron nan ya tafi Texas, waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa suka koma tsine masa. Mutumin da ya ɗauko shi ya tafi, mai koyar da shi ya tafi, shekarunsa 19, kuma shekara ɗaya ko biyu gare shi ya nuna kansa. Da ɗanka ne, me za ka ce masa?

Wanda ya zauna kuma a yaba masa. Ty Simpson ya shigo a 2022 da tauraro biyar, ya yi kaka uku a benci, ya ga sauyin koci, bai motsa ba, sai a 2025 ya karɓi ragama.

Kakar farko ta DeBoer ba ta nuna ya gaza ba?

Ta yi zafi, ba zan ɓoye ba. Mako ɗaya bayan daren Georgia, muna matsayi na ɗaya a ƙasa, Vanderbilt ta doke mu 40 da 35, karo na farko tun 1984, ɗalibansu suka cire ƙarfen raga suka kai shi kogi. Tennessee ta ci mu, Oklahoma ta ci mu 24 da 3, ba a sa mu cikin 12 ba, Michigan ta ƙara mana a wasan rufe kaka. Ci 9, faɗuwa 4. Rabon da Alabama ta kasa cin wasa 10 tun 2007.

To, 2007 ɗin nan kakar wa ce? Ta Saban ce, ta farko. Ya ci 7 ya faɗi 6, har ƙaramar Louisiana-Monroe ta zo gida ta doke shi 21 da 14. Abin da ya nuna inda aka dosa a lokacin shi ne ajin da ya ɗauka a Fabrairun 2008, mai ɗauke da Julio Jones da Mark Ingram. Bayan shekara biyu kofi ya zo.

Kuma tsofaffin magoya baya sun san abin da gaggawa ke jawowa. Bear Bryant ya ɗauki kofi shida tsakanin 1958 da 1982, ya rasu wata guda bayan wasansa na ƙarshe. Daga nan har zuwan Saban, shekara 24, kofi ɗaya aka gani, na Gene Stallings a 1992. An yi Ray Perkins, Bill Curry, Mike DuBose, Dennis Franchione da ya tafi Texas A&M bayan kaka biyu, Mike Price da aka kora bai buga wasa ko ɗaya ba, sai Mike Shula. Kowane sauyi ya ci aji guda ko biyu na yara.

Kakar 2025 ta zo da fuska biyu. Florida State ta doke mu 31 da 17 a wasan buɗewa, har aka fara kiran a kori DeBoer. Sai ga shi mun je Athens, garin jami'ar Georgia, mun ci su 24 da 21, muka karya musu jerin nasara 33 a gida. An shiga cikin 12, aka fitar da Oklahoma, sannan Indiana ta yi mana 38 da 3 a Rose Bowl. Kocin Indiana, Curt Cignetti, yana cikin mataimakan Saban na farko a Alabama, shi ne ma mai kula da zawarci a shekarun nan. Abin da ya fi damuna a duk kakar shi ne gudu da ƙwallo ya gagara, kuma wannan magana ce ta ƙartin gaba da na ambata.

To me zai hana a kore shi a kawo wani?

Kuɗin sallama, na farko. Kwantiragin manyan kociyoyi yana tilasta a biya su mafi yawan abin da ya rage in an kore su. Texas A&M ta biya kocinta Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a 2023 don kawai ya tafi. Na biyu, ƙofar nan za ta sake buɗewa, yaran da DeBoer ya roƙo su watse, a koma gidan jiya. Ni ina ganin ba a yi wa koci hukunci sai ajin da ya ɗauko da hannunsa ya kai shekara ta uku.

Mataimaka suna da muhimmanci?

Sosai. Su ne ke yawo a makarantu, su ke kiran yara kullum, sau da yawa yaro mataimaki yake bi. Saban ya yi ta rasa su yana maye gurbi: Kirby Smart ya tafi Georgia ya ɗauki kofi a 2021 da 2022, Steve Sarkisian ya tafi Texas, Lane Kiffin ma ya wuce. DeBoer ya zo da Ryan Grubb don tsara hari, cikin wata guda Seattle Seahawks ta ɗauke shi, sai a 2025 ya dawo. Kane Wommack kuwa kujerar babban koci ya bari a South Alabama ya zo ya zama mai tsara tsaro.

Ina son in fara bi daga nan gida. Ta ina zan fara, kuma ƙarfe nawa ake bugawa?

Agogon Najeriya da Nijar yana gaban na Tuscaloosa da awa shida har farkon Nuwamba, daga nan ya koma bakwai. Wasan da aka sa ƙarfe 11 na safiyarsu zai same ka ƙarfe biyar na yamma, na 2:30 zai zo 8:30 na dare, manyan wasannin dare kuwa sai 12:30, kuma wasa yakan ci awa uku da rabi. In ba za ka iya raba dare ba, ana ɗora taƙaitaccen wasa a YouTube kafin ka tashi. Ka dai guji buɗe wayarka kafin ka kalla.

Shekarar mai bin ƙungiya ba ta da hutu. Satumba zuwa Nuwamba wasanni ne. Ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba lokacin kora da ɗaukar kociyoyi ne da ranar sa hannu. Janairu rajistar sauya sheƙa ke buɗewa, a nan za ka san wa ya tafi wa ya zo. Maris da Afrilu atisayen bazara, wanda a Alabama ake rufewa da ranar da ake kira A-Day. A shekarar farko ta Saban mutum sama da dubu 92 suka cika fili don kallon ƙungiyar tana karawa da kanta. Yuni kuma watan ziyara ne da alƙawura. Ka samu takarda ka rubuta sunayen yara biyar da aka ɗauka a ajin bana, biyu daga cikinsu su kasance 'yan layin gaba, ka riƙa neman lambobinsu a fili duk Asabar.